Binne Mai Fito

Talata 22 ga Afrilu, da hantsi

Sun manna sanarwa a ƙofar gidan wasan kwaikwayo: Mai Fito, karo na ƙarshe, Lahadi 18 ga Mayu da yamma. Na tsaya na karanta kamar baƙuwa, alhali mijina ne mai fiton. Abin da nake roƙo bai da yawa. Vilmos ya hau dandamali ya sauka lafiya har wannan rana, ya rusuna, a tafa masa, in kamo hannunsa mu dawo gida in rufe ƙofa. Abin da zai biyo baya ya same mu a ɗakinmu, ba a gaban mutanen garin nan ba.

Don na san su. Tun ina budurwa nake da kujerar shekara, irin wadda ake biyan kuɗinta na shekara guda, layi na huɗu, ta Lahadi da yamma, wadda yanzu ake kira ta tsofaffi saboda a kanta muka tsufa. Mutane ne masu zuwa da furanni, masu kuka in wasa ya yi daɗi, amma ba sa mantuwa. Akwai wani bawan Allah da wandonsa ya zame yana tsakiyar rawa, tun kafin a haifi 'yarmu. Ya yi wasanni masu kyau bayan nan, ya mutu, an binne shi. Har yau in sunansa ya taso a wurin shan kofi sai wata ta ce, "Au, mai wando?" Ba za a yi wa Vilmos haka ba ina raye.

Alhamis 24, da yamma

Mun dawo daga Budapest. Can muka je ganin likita, don likitanmu na nan matarsa a layi na biyu take zama, kuma bakinta ba ya rufuwa. Na can ya miƙa wa Vilmos fensir ya ce ya zana agogo. Mutumin da garin nan ya miƙe tsaye dominsa, shi aka ba fensir kamar ɗan aji ɗaya. Ya zana. Ni na kalli taga.

Likitan ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba.

A jirgin ƙasa ya ce, "Jolán." Ba ya kirana haka sai magana ta yi nauyi, kullum Joli ce.

"Ki rantse ba wanda zai ji. Ko Tivadar."

Na ce, "Haba Vili. Tivadar fa tun makaranta kuke tare, a ɗakin shiri ɗaya kuka yi furfura."

"Shi ya sa. Ranar da ya dube ni da tausayi a kan dandamali, kashina ya bushe. Ki rantse."

Na rantse. Ya ci burodinsa da tsiran alade, ya yi barci har muka iso.

Asabar 26, da rana

Na gano wani abu, kuma shi ne karo na farko da na ji numfashina ya sauka tun hunturu. Maganganun wasan ba su tafi ba, sun koma hannunsa ne. In ka tambaye shi a zaune me mai fito ke ce wa 'yarsa, sai ya zura maka ido. Amma ya taɓa koriyar butar shayi, sai maganar ta zubo tiryan-tiryan, har da inda yake yin tari. Ya zauna a kujerar bakin taga, sai zancen ambaliya ya zo. Ya ɗauki filafili, faɗa da maƙwabci. Ya sauko da kwat daga ƙusa, ban kwana.

Don haka na mayar da kicin dandamali. Na ja tebur gefe, na kafa ƙusa a jikin ƙofa, na sayo koriyar buta a kasuwa, sandar goge ƙasa ta zama filafili. Ni ce 'yar, ni ce maƙwabcin, ni ce karen da ke haushi a waje. Muka yi wasan daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Da muka gama ya ce, "Ke Joli, kin fi yarinyar nan Boglárka da ke fitowa a 'yata iya kuka, sai dai haushin karenki da gyara." Na jefe shi da tsumma.

Muddin komai yana inda yake, zai kai.

Litinin 28, da safe

Jiya ya yi wasa lafiya. Ba wanda ya lura.

Laraba 30, da yamma

Aranka, maƙwabciyar kujerata, ta tare ni a gaban tagar tikiti da jakarta mai ƙamshin alewar tari. Tun mijinta mai cire haƙori yana da rai take zama a damana, kuma ban taɓa kallon wasa ba tare da na ji ra'ayinta a kunnena ba.

"Jolika, kin sabunta kujerarki ta baɗi? Ki yi sauri, wai wasu 'yan sabuwar unguwa na harin layinmu. Ni ba zan zauna kusa da mai danna waya ba."

Na ce zan zo.

"To me kike jira? Af, an ce yanzu kullum kina nan, Talata, Juma'a, har kina tsayuwa a baya kusa da mai duba tikiti. Lafiya dai?" Ta rage murya, wai ita mai sirri. "Ko yarinyar nan ce da ke rungume shi a ƙarshen wasa? Ki kwantar da hankalinki, namiji a shekarunsa sai ido."

Na yi mata murmushi. Ta je ta yaɗa, na ma gode. Gara su ce tsohuwa ta haukace da kishi.

Juma'a 2 ga Mayu, da safe

Na sami Vilmos tsaye a ƙofar banɗaki, ya gyara kafaɗa, yana jiran a ba shi alamar shiga. Na ce, "Shiga." Ya shiga.

Asabar 3, da rana

Lafiya jiya. Ya ɗan tsaya kafin zancen ambaliya, hannunsa na neman bayan kujera. Da ya same ta ya ci gaba. Wata mata a gabana ta ce wa mijinta, "Ka ji yadda yake yin shiru? Yaran yanzu ba su iya wannan ba."

Talata 6, da yamma

Yau na ji abin da ya hana ni cin abinci. Na kai wa Vilmos maganin tari a kantin 'yan wasa, sai na tarar da Tivadar a kusurwa da masu jan labule, kawunansu a haɗe, suna ƙyalƙyala. Da suka gan ni suka yi tsit. Ni kuwa wauta ta, sai a lokacin na tuna. Ranar sha takwas ba karo na ƙarshe ba ne kawai. Ranar binne wasa ce.

Ta yaya na manta? Ni da na fi kowa cin dariyarta. Ranar da za a sauke wasa, sai a binne shi da shegantaka: a sauya kaya, a ɓoye abu, a zuba barkono a kofin da mutum zai kurɓa, mai raɗa wa 'yan wasa abin da suka manta ta raɗo magana daga wani wasa daban, a ga wanda zai fara fashewa da dariya a gaban jama'a. Masu kujerar shekara sun sani, har musayar rana suke yi don kada ta wuce su. Kuma a gidan nan ba a taɓa yin sarkin binne wasa kamar mijina ba. Shi ne ya saka kifi mai rai a kwanon da Tivadar zai wanke fuska, kifin ya mare shi da wutsiya a gaban magajin gari.

Tivadar ya taso ya sumbaci hannuna, tsohon banza. "Matarmu! Ki gaya wa angonki ya shirya. Bana ramuwa ce, na daɗe ina dafa masa."

Na ce, "Tivi, ku bar shi bana. Kun girma da wannan."

"Girma? Mu? Allah ya kiyaye."

Alhamis 8, da hantsi

Na je ofishin darakta. Ya ba ni kofi, ya kira ni Anti Joli, ya dinga duban wayarsa. Na ce wasan nan mai nauyi ne, labarin tsoho ne da za a raba da koginsa, bai kamata a ɓata shi da wasan yara ba. Ya ce ya fahimta ƙwarai. Ya ce amma al'ada ce, kuma shi baƙo ne a garin, in ya hana za su cinye shi ɗanye. Sannan ya yi dariya ya ce, "Anti Joli, ai Baba Vili ne ya koya musu."

Tir da kofinsa, ko zafi babu.

Lahadi 11, da yamma

Na gwada a kicin. Na ɗauke butar daga kan murhu na ajiye a kan taga, ban gaya masa ba. Ya shigo da muryarsa ta dandamali, ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a iska.

Ba zan sake ba. Wallahi ba zan sake ba.

Daga baya ya tambaye ni me ya sa idona ya yi ja. Na ce albasa.

Talata 13, da safe

Na ce masa mu ce mura ta kama shi, wani ya yi na ƙarshen. Ya ajiye cokali.

"In gudu ranar binnewa? Ni? Su ce Vilmos ya ji tsoron Tivadar?"

"Su ce mana. Me zai ragu a jikinka?"

"Joli, wannan ne na ƙarshe. Ba na wasan ba, nawa. Kin sani, na sani. Ki bar ni in fita ta ƙofar ƙarfe da ƙafafuna."

Ƙofar ƙarfe. Idan tafin hannu ya ƙi ƙarewa har aka sauke labulen ƙarfe, jama'a suka haɗa hannu bai ɗaya suna bugawa, sai a buɗe 'yar ƙofar da ke jikinsa, wanda ake kira ya fito shi kaɗai. Abin da yake so ke nan. Yau hankalinsa garau yake, ya fi nawa ma, shi ya sa na kasa musu da shi. Na tsani ranakun da yake garau, Allah ya yafe mini. Su ne suke hana ni yanke shawara.

Laraba 14, da rana

'Yarmu ta bugo daga Graz. Na ce duk lafiya, babanki na nan yana cika baki.

Juma'a 16, da yamma

Aranka ta ce ta sayi sabuwar hula saboda Lahadi. Ta ce kowa na cewa Tivadar ya shirya abin da ba a taɓa gani ba. Ta ce in zo da hankici na share hawayen dariya.

Asabar 17, da yamma

Na karya rantsuwata.

Na je gidan Tivadar da rana, na same shi a lambu yana ɗaure tumatir. Ban zauna ba. Na gaya masa duka: Budapest, fensir, kicin, ƙofar banɗaki. Na faɗi sunan abin da bakina, karo na farko, har na ji ɗacinsa a harshe. Na ce, "Tivi, in kun gusa da butar nan ko da taku ɗaya, zai ɓace a gaban mutane. Don girman Allah ku bar komai a inda yake."

Ya dube ni. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ce a raina alhamdu lillahi. Sai gefen bakinsa ya fara rawa. Sai ya fashe. Ya riƙe ciki, ya zauna a kan bokiti, yana nuna ni da yatsa.

"Kai! Kai, Joli! Saura kaɗan! Wallahi saura kaɗan ki kama ni!"

"Tivadar, ba wasa nake ba."

"Haka kika ce shekarar filasta! Kin manta? Mako guda yana jan ƙafa da sanda, ke kina sharɓar kuka a kanti wai ƙashi ya karye biyu, muka soke duk abin da muka shirya masa, muka dinga ɗaukarsa kamar ƙwai. Ranar binnewa ya jefar da sanda ya hau tebur yana rawa! Yanzu kuma ƙwaƙwalwa? Kai, wannan mutum ɗan duniya ne. Har da likitan Budapest!"

Na kama rigarsa. Na yi kuka, na gaske, mai majina. Ya tafa mini. Ya ce in da ni ce a dandamali da tuni an ba ni lambar yabo. Ya cika mini leda da latas ya rako ni har bakin titi, yana cewa in gaishe da maras lafiya.

Na sayar da amanar mijina a kan ledar latas. Na zubar da ita a kwandon sharar tashar bas.

Lahadi 18, bayan mun dawo

Yana kwance. Bari in rubuta tun hannuna na iya riƙe biro.

Gida ya cika maƙil, har da kujerun ƙari. Da labule ya buɗe ban dubi kowa ba, murhu na duba. Babu buta. Fo ne na yara, fari, an zana masa agwagwa. Kujerar taga ta koma ɗaya ɓangaren. A inda filafili yake jingine sun sa tsintsiya, a kan ƙusa kuma rigar barci ta mata mai leshi. Tun kafin kowa ya shigo mutane suka fara dariya.

Vilmos ya shigo. Aka yi tafi. Ya taka zuwa murhu yadda ya saba, ya miƙa hannu. Ya dubi fo ɗin. Ya daɗe yana dubansa, 'yan kallo kuwa kamar za su faɗo daga kujeru. Aranka na dukan cinyata tana cewa, "Dubi fuskarsa! Ko gezau!" Na ji mai raɗa daga bayan labule tana jefo masa magana, ba ta Mai Fito ba, ta wani wasan soyayya na bara. Ya maimaita rabinta, ya tsaya. Dariya ta ƙaru.

Tivadar ya shigo da hular maƙwabci, yana cije leɓe, ya ce, "Maƙwabci, ruwa ya taso, ina filafilinka?" Vilmos ya juya ya dube shi, ya ce, "Malam, yi haƙuri, nan ina ne?" Gidan ya ɗauka. Wani a sama ya yi fito.

Daga nan ya tako har bakin dandamali, inda bai taɓa tsayawa ba a wasan nan. Ya sa hannu ya kare fitila daga idonsa. Ba da muryar wasa ba, da muryar da yake kirana in ya farka bai gan ni ba, ya ce, "Joli? Joli, kina nan?"

Duk suka juyo. Layi na ɗaya, na biyu, matar likita, kowa, fuskoki jajur da dariya, suna jiran su ga abin da muka shirya. Taku kaɗan ne tsakanina da matakalar gefe. In na hau na kamo shi, dariyar za ta mutu, kuma kafin a rufe shagon kek na dandali garin nan kaf ya san abin da ya sami Vilmos, kuma da shi za a tuna da shi. In na zauna, shi ne gwanin da ya fi kowa iya binne wasa.

Na miƙe. Na buɗe baki na yi dariya, babba, har da jefa kai baya. Na ɗaga murya na ce, "Ga ni nan, tsoho! Gama aikinka mu je gida, miya na hucewa!"

Ban taɓa jin gidan nan ya yi irin wannan ƙara ba.

Ina cikin dariyar na ga Tivadar. Ya matso kusa da shi don ya ci gaba da tsokana, ya dubi cikin idonsa, sai na ga hular ta zame daga hannunsa. Ya gane. A lokacin ya gane, sakarai, da ba sauran amfani. Ya riƙe hannun Vilmos ya zaunar da shi, ya shiga faɗin maganganunsa da na Vilmos duka, yana tambaya yana ba kansa amsa, gumi na wanke masa hoda. Boglárka ta bi sahu, ba ta san dalili ba. Haka suka ja wasan har ƙarshe, mijina na zaune da fo a cinya, mutane na cewa wannan ai ya wuce ƙwarewa.

An sauke labulen ƙarfe. Suka haɗa tafi bai ɗaya, suna kiran sunansa. Ƙofar ta buɗe. Bai fito shi kaɗai ba, Tivadar na riƙe da gwiwar hannunsa, shi ya danna masa baya ya rusuna. Furanni har gwiwa.

A ɗakin shiri Tivadar ya durƙusa a gabana yana "Joli, Joli." Na ce ya matsa, yana tare mini hanyar takalmin mijina.

Litinin 19, da yamma

Waya ba ta huta ba. Aranka ta ce za a yi shekaru ana zancen jiya, ta ce mu biyu mun cuci mutane da ba mu faɗa ba, cikinta har yanzu ciwo yake. Darakta ya aiko da kwando da kwalbar giya. Ba wanda ya sani sai Tivadar. Abin da na roƙa an ba ni, cif.

Da safe ya tashi shiru. Na ba shi kofi, na ce, "Ka fita ta ƙofar ƙarfe jiya, Vili. Sun ƙi tafiya gida." Bai tuna ba. Bai tuna furannin ba, ga su kuwa cike da kicin har a kwanon wanki. Ya juya kofin a hannunsa, can ya ɗago.

"Jolán, jiya na ɓace a wani wuri mai haske. Na ji tsoro ƙwarai. Na kira ki." Ya dube ni, ba fushi, tambaya kawai. "Na gan ki. Kina dariya tare da su."

Na fara yi masa bayani, na ga maganar ba ta zama. Ya gyaɗa kai don ladabi, ya koma kallon taga.

Da rana ina yanka burodi ya sake faɗa, da kalmomin nan dai, kamar yanzu abin ya faɗo masa. Ɗazu ma da na kawo masa magani ya riƙe hannuna ya ce, "Jolán, jiya na ɓace a wani wuri mai haske."

Na zauna na jira sauran.